Filin Likitan Dabbobi: Idan Mahaifar Mage ko Karya Ta Tara Mugunya

Yawancin saƙonnin da suka taru mana a wannan karon kan abu ɗaya suke, wato cututtukan mahaifa da na barbara a maguna, karnuka da zomaye. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili. Waɗanda lamarinsu na gaggawa ne mun riga mun amsa musu ta waya, muna maimaitawa ne a nan don sauran masu karatu. Awon magungunan da za ku gani kuma mun kawo shi ne don mai dabba ya gane abin da likita yake yi, ba don ya je kemis ya haɗa da kansa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da mage 'yar shekara shida. Da haihuwarta ta ishe ni, sai wani mai kemis ya riƙa yi mata allurar tsarin iyali irin ta mata duk bayan wata uku. Yanzu ba ta cin abinci sosai, cikinta ya yi girma, kullum tana lasar ƙarƙashin wutsiyarta, kuma ina ganin wani ruwa mai kauri, ruwan ɗorawa, mai wari a inda ta kwanta. Na fasa mata kafson Ampiclox a madara, ba canji. Ciki ne ya lalace ko me? Daga wata uwargida, Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki sa ta a kwali ko kwando mai murfi ki kai ta asibitin dabbobi yau, ko na gwamnati da ke Gwale ko wani mai zaman kansa da ake yin tiyata a cikinsa. Abin da kika zayyana ya fi kama da tarin mugunya a mahaifa, cutar da likitoci ke kira payometira, kuma tana kisa idan aka yi mata jinkiri.

Ga yadda take faruwa. Bayan dabba ta gama neman barbara ta saki ƙwai, jikinta yana fitar da wani sinadari, furojestaron, wanda aikinsa shi ne shirya mahaifa don ɗaukar ciki. Yana ƙara wa bangon mahaifa kauri, ya sa ta tsattsafo da ruwan da zai ciyar da ɗan tayi, ya hana ta motsi, ya rufe bakinta, sannan ya kwantar da garkuwar jiki a cikinta don kada ta kori cikin. Idan ciki ya shiga, shi ke nan. Idan bai shiga ba, an bar ɗaki mai ɗumi cike da abinci, a kulle, ba mai gadi. Ita kuwa ƙwayar cuta ta bakteriya, galibi wadda ake kira E. coli da ke zaune a hanjin dabbar da kewayen duburarta, ta riga ta haura ciki tun lokacin da bakin mahaifar yake buɗe. Sai ta yi ta hayayyafa. Mahaifar mage mai lafiya kaurin kowane reshenta bai kai rabin santimita ba, amma idan ta cika da mugunya tana iya mamaye cikin gaba ɗaya, har a ɗauka juna biyu ne.

Allurar da aka riƙa yi mata ita ce babbar wadda ake zargi. Allurar tsarin iyali ta Depo-Provera da danginta furojestaron ne na haɗi. Kwalba ɗaya miligiram 150 ce, an auna ta ne don ta riƙe mace baliga wata uku, ita kuwa mage kilo uku ce ko huɗu. Ko da mai kemis ya rage, an dai ajiye mahaifar a wancan yanayin na kulle wata da watanni, abin da a al'ada ba ya wuce kwana arba'in da 'yan kai a mage. Ban da mugunya, wannan allura tana jawo kumburin nono, ciwon dajin nono da ciwon suga. Ba mu ga dalilin da zai sa a yi wa mage ko karya ita ba, kuma mai kemis ba hurumin sa ba ne.

Ruwan da kike gani yana nufin bakin mahaifar a buɗe yake, kuma wannan ya ɗan saya miki lokaci, don mugunyar tana samun hanyar fita. Amma mage dabba ce mai tsafta, tana lashe mafi yawansa, saboda haka abin da ya ɓata shimfiɗa kaɗan ne daga abin da ke fitowa. Kafin ki fita, ɗaga leɓenta ki duba dasashi. Mai lafiya ruwan hoda ne da danshi. Idan ya yi fari fat, ko ja wur, ko ya bushe yana danƙo a yatsa, guba ta fara shiga jini. Ki kama fatar bayan wuyanta ki ɗaga ki saki: idan ta tsaya ba ta koma nan take ba, ruwan jikinta ya ƙare. Kada ki matsa cikin don jin ko akwai 'ya'ya, bangon mahaifar ya yi siriri, yana iya fashewa. Kada ki dogara da zafin jiki kuma, da yawansu ba sa zazzaɓi, wadda ta galabaita ma jikinta sanyi yake yi.

Ampiclox bai yi aiki ba saboda dalili biyu. Rabinsa, wato kuloksasilin, ba ya taɓa E. coli, ɗaya rabin kuma yawancin irin wannan bakteriya sun saba da shi. Na biyu, kuma shi ne mafi girma, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta da zai iya share mahaifar da ta cika da mugunya muddin sinadarin da ya kulle ta yana nan. Magani yana bin jini ne, jini kuwa ba ya ratsa tsakiyar mugunya.

A asibiti za a yi mata sikanin, shi ne ke raba gardama tsakanin ciki da mugunya. Za a ɗebi jini a duba fararen ƙwayoyin jini da lafiyar ƙoda. Daga nan a sa mata ƙarin ruwa ta jijiya da allurar kashe ƙwayoyin cuta na wasu awanni kafin a sa ta barci, don dabbar da ruwan jikinta ya ƙare ba ta jure maganin barci. Idan aka ce za a yanka ta nan take ba ƙarin ruwa, ki tambayi dalili. Tiyatar ita ce a ciro mahaifar gaba ɗaya tare da gidajen ƙwai biyu. Yankan ya fi na cire mahaifar lafiyayyar dabba tsawo, saboda dole a fito da ita a hankali ba tare da ta yage mugunya ta zuba a ciki ba. Dole kuma gidajen ƙwan su fita duka. Idan aka bar ko ɗan guntu, zai ci gaba da fitar da sinadarin, kututturen mahaifar da ya rage ya sake tara mugunya bayan watanni ko shekaru.

Bayan kin dawo da ita gida, za a ba ki maganin sha na mako ɗaya zuwa biyu, galibi amoksisilin mai haɗe da kilabulanik. Awon mage kusan miligiram 62.5 ne sau biyu a rana. Ki lura, ƙwayar Augmentin ta manya 625 ce, ninki goma ke nan, don haka ba a ɓantara da ka. Idan enrofuloksasin aka rubuta, kada ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo a rana, fiye da haka yana makantar da mage, makantar da sau da yawa ba ta warkewa. Farasitamol kuwa ko rabin ƙwaya yana iya kashe ta, haka ibufurofen da dikulofenak suna lalata mata ƙoda. Kada ki wanke ɗinkin da Dettol ko Izal, guba ne ga mage idan ta lasa. Ki ajiye ta a ɗakin da ba abin hawa, a sa mata abin wuya na roba da zai hana ta kai baki wurin, ki duba ɗinkin safe da yamma. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Idan ta wuce kwana biyu ba ta ci ba, ko wurin ya kumbura yana ruwa, ki mayar da ita.

Tambaya: Likita, ni mai gadi ne a wani kamfani. Karyar da muke gadi da ita shekararta takwas, ba ta taɓa haihuwa ba. Ta gama jininta kusan mako bakwai da suka wuce. Yanzu shan ruwa take kamar ba gobe, fitsari ba iyaka, jiya ta yi amai sau biyu, ba ta ko tashi ta yi haushi. Ba abin da ke fita ta gabanta. Maigidana ya ce zafin bazara ne. Daga wani mai gadi, Sharaɗa.

Amsa: Malam, ka nuna wa maigidan naka wannan amsar. Zafin Kano a watan Afrilu yana sa kare shan ruwa, gaskiya ne, amma ba ya sa shi yawan fitsari, ragewa ma yake yi. Karyar da ta manyanta, ba a cire mata mahaifa ba, ta kwanta ciwo tsakanin mako biyu zuwa goma bayan jininta, ana ɗaukarta mai mugunya a mahaifa har sai sikanin ya ce a'a. A karya furojestaron yana zama sama kusan wata biyu bayan kowane neman barbara, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, kuma kowane zagaye yana ƙara lalata bangon mahaifar. Shi ya sa cutar ta fi yawa a karnuka fiye da maguna. A ƙasar Suwidin, inda ba su saba cire wa karnuka mahaifa ba, bayanan inshorar dabbobi sun nuna tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan karnuka suna kamuwa kafin su cika shekara goma.

Rashin ganin ruwa ba abin kwantar da hankali ba ne, shi ne ma mafi muni. Bakin mahaifar ya rufe, mugunya tana taruwa, a babbar karya har takan kai kilo biyu ko fiye. Gubar da bakteriyar ke saki tana hana ƙoda riƙe ruwa, shi ne fitsarin, ƙishirwar kuma biyan bashin fitsarin ce. Saboda haka kada ka hana ta ruwa don ta daina ɓata wuri, za ka gaggauta mutuwar ƙodar.

Mai son ya gane shan ruwan karensa ya wuce ƙima, ga awo mai sauƙi: kare yakan sha mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a yini, abin da ya haura 100 kuma ciwo ne. Karya mai kilo 30 ke nan leda uku zuwa huɗu na fiya wata ya ishe ta, idan ta haura leda shida akwai magana. Amma taka ta wuce matakin awo tunda har ta fara amai. Tiyata take buƙata yau. Idan wani ya zo da allurar oksitosin, wadda ake yi wa dabba mai naƙuda, ya ce zai wanko cikin da ita, kada ka yarda. Matsa mahaifar da bakinta ke rufe fasa ta ne, ko a tura mugunyar ta baya ta zube a cikin ciki.

Tambaya: Ina kiwon karnukan waje ina sayar da 'ya'yansu. Wata karyata 'yar shekara uku, wadda na saya da tsada, likita ya ce tana da mugunya a mahaifa, tana kuma fitar da ita. Tana ci tana sha, tana wasa. Ya ce a cire mahaifar. Babu wata hanya? Daga wani Alhaji, Bompai.

Amsa: Akwai, Alhaji, ranka ya daɗe, amma da sharuɗɗa, kuma likitanka bai yi kuskure ba da ya fara da tiyata, ita ce hanyar da ta fi tabbas. Ana gwada magani ne kawai idan karyar matashiya ce, bakin mahaifar a buɗe yake, gwajin jini ya nuna ƙoda da hanta lafiya, sikanin bai nuna bangon mahaifar ya cika da ƙuraje masu ruwa ba, kuma da gaske ana son ta haihu. Bisa bayaninka, taka tana iya shiga wannan sahu.

Maganin ƙafa uku gare shi. Ta farko a karya ƙarfin furojestaron. Mafi kyau a nan ita ce allurar agilefiriston, wadda ake sayarwa da sunan Alizin, miligiram 10 ga kowane kilo a ƙarƙashin fata, a rana ta 1, ta 2 da ta 8, wani lokaci a ƙara a ta 15. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Inda babu ita ana amfani da kabagolin na sha, maikurogiram 5 ga kowane kilo kullum (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram). Ta biyu a sa mahaifar ta matse ta fitar da abin da ke cikinta, da allurar furostagilandin. Ta uku maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ya kamata a zaɓa bayan an ɗebi mugunyar an kai ɗakin gwaji an ga wanda ke kashe ta, a kuma ci gaba da shi har bayan ruwan ya ɗauke.

A ƙafa ta biyu ake yin ɓarna. Kulofurostenol, wato furostagilandin ɗin da ake samu a shagunan maganin dabbobi, na shanu ne, maikurogiram 250 a kowace mililita, saniya ana yi mata mililita biyu. Karya kuwa maikurogiram ɗaya ne ga kowane kilo. Mai kilo 30 rabonta bai wuce mililita 0.12 ba, sai an sirka shi an ja da sirinjin insulin. Wanda ya yi mata awon akuya ko na saniya ya jefa ta cikin haɗari. Ko da awon daidai ne, 'yan mintoci bayan allurar za ka ga tana haki, tana dalalar da yawu, ta yi amai ko zawo, abin ya lafa cikin awa ɗaya. Don haka ana yin ta kafin a ba ta abinci, a ɗan zaga da ita bayan an yi. Mace mai juna biyu da mai asma kada su taɓa kwalbar, maganin yana ratsa fata.

A kwanakin farko ruwan zai ƙaru, alama ce mai kyau. Idan bayan kwana biyu ba ta fi da ba, ko ta daina ci, ko sikanin da za a maimaita bayan mako guda bai nuna mahaifar ta ragu sosai ba, a bar magani a shiga tiyata, kada son 'ya'ya ya ja a rasa uwar. Idan ta warke, a yi mata barbara a neman da zai biyo baya kai tsaye, domin mahaifar da aka bari ba ciki ita ce ke sake kamuwa, kuma dawowar cutar ba baƙon abu ba ne. Da ta ba ka haihuwar da kake so, a cire.

Tambaya: Karnukana mata biyu na kai wa wani namiji da aka ce mai kyau ne. Dukansu sun ɗauki ciki, dukansu kuma suka yi ɓari saura kamar mako biyu su haihu, 'ya'yan sun fito a kumbure sun fara ruɓa. Har yanzu suna zubar da wani ruwa toka-toka. Na kuma ji an ce marainan namijin sun kumbura. Yarana ne ke share wurin. Daga wani mai kiwon karnuka, Sabon Gari.

Amsa: Da farko yaran su daina share wurin daga yau, haka duk mai juna biyu da mai raunin garkuwar jiki su nisanci karnukan. Abin da muke tsoro shi ne cutar burusela ta karnuka, 'yar uwar bakkale da Fulani suka sani a shanu, kuma tana kama mutum.

Ƙwayar, Brucella canis, Leland Carmichael ne ya gano ta a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1966, lokacin da ɓari ya yi yawa a gidajen kiwon karnuka. Alamarta ita ce wadda ka faɗa: karya lafiyarta ƙalau, sai ta zubar da ciki tsakanin kwana 45 zuwa 55, alhali cikin kare kwana 63 ne, ta kuma yi ta zubar da ruwa mako ɗaya zuwa shida. Wata ba a ma ganin ɓarin, sai dai a yi ta barbara ba ciki. A namiji 'ya'yan maraina suna kumbura, ya yi ta lasar fatar har ta yi gyambo, daga baya su motse ya daina haihuwa. Wani sai ciwon baya ko jan ido ya fito masa. Ba ta barbara kaɗai ake ɗauka ba. Ruwan ɓarin, mabiyiya, fitsari da nono duk suna ɗauke da ita, kare yana sunsuna ko ya lasa ya kamu. Akwai wata ƙofa da masu karnuka a nan ba sa lura da ita, wato ɗanyen kayan ciki da 'yan tayin shanu da awaki da ake kwasowa daga kwata a zuba wa karnuka. Ta nan suke ɗaukar irin ta shanu da ta awaki. Duk abin da ya fito daga kwata a dafa shi ya nuna.

Ba kowane ɓari ne burusela ba, akwai wasu bakteriyar da bairos da ke jawo shi, sai gwaji. A nan ka buɗe kunne. Gwajin Rose Bengal da aka saba yi wa shanu ba ya ganin irin ta karnuka, domin fatar ƙwayar daban take. Kare zai iya fitowa ba shi da komai a wannan gwajin alhali yana ɗauke da ita. Ka ce wa likitanka a nemi gwajin da aka yi musamman don Brucella canis, ko a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro, ko a yi gwajin ƙwayar halitta. Shi zai san inda zai aika, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Jini yana iya ɗaukar har mako goma sha biyu kafin ya nuna, saboda haka sakamako ɗaya mai kyau bai isa ba, a maimaita bayan wata guda. Dukan karnukan gidan za a gwada, har waɗanda ba a kai barbara ba.

Wajen shara, babba ne zai yi, da safar hannu ta roba, takalmin ruwa da takunkumi. Idan an sake samun ɓari, a sa ɗan tayi ɗaya da mabiyiyarsa a leda biyu, a cikin kula mai ƙanƙara, a rubuta abin da ake zargi a jiki don ma'aikatan ɗakin gwaji su kiyaye kansu. Sauran a ƙone ko a binne da zurfi. A fara wanke daɓen da omo, don bilic ba ya aiki a kan ƙazanta, sannan a zuba bilic kashi ɗaya a ruwa kashi tara, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye.

Maganar magani ba mai daɗi ba ce. Ƙwayar tana ɓuya a cikin ƙwayoyin jikin karen, inda magani ba ya isa sosai. Ana haɗa doksisaikilin na wata ɗaya ko fiye da allurar jentamaisin ko sitireftomaisin, ana lura da ƙoda, amma ba likitan da zai rantse maka an warke, tana lafawa ta dawo. Babu rigakafinta a karnuka. Karen da aka tabbatar yana da ita ya fita daga kiwo har abada: a dandaƙe namiji, a cire wa mace mahaifa, a ba da magani, a ware shi, a riƙa gwaji. A gidan da ke da ƙananan yara, ko inda ba za a iya warewar ba, likita zai iya ba da shawarar a kashe shi ta hanyar da ba azaba. Sayar da shi ko 'ya'yansa ga wanda bai sani ba zalunci ne. Mai namijin ma a gaya masa.

Idan wani a gidan ya fara zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, an yi maganin maleriya da taifot ba sauƙi, a gaya wa likitan mutane cewa karnuka sun yi ɓari a gidan. In ba a faɗa ba, da wuya ya yi tunaninta.

Tambaya: Karena na farauta jini yana ɗiga daga gabansa, da na duba na ga wani tsiro ja mai gudaji-gudaji. An yi masa allurar oksitetirasaikilin sau uku. Daga wani mafarauci, Ɗorayi.

Amsa: Malam, wannan ba bakteriya ba ce, shi ya sa allurar ba ta yi komai ba. Ya fi kama da wani ciwon daji da karnuka ke shafa wa juna wajen barbara, kuma yana da yawa a karnukan da ke yawo. Abin daɗin shi ne yana jin magani sosai: allurar binkiristin ta jijiya sau ɗaya a mako, galibi mako huɗu zuwa shida. Likita kaɗai ke yin ta, don idan ta zuba a wajen jijiya tana cinye naman wurin. A ɗaure shi kada ya hau wata har ya warke.

Tambaya: Magenmu ta haifi 'ya'ya huɗu kwana uku da suka wuce. Yanzu ta guje su, jikinta zafi, wani jini-jini mai ɗoyi yana fita, 'ya'yan sai kuka. Daga wata ɗaliba, Ƙofar Na'isa.

Amsa: 'Yata, ruwan biƙi na al'ada ja ne mai duhu, ba ya ɗoyi, uwar kuma tana ci tana shayarwa. Ɗoyi da zazzaɓi da gudun 'ya'ya a makon farko suna nuna mahaifa ta kamu bayan haihuwa, sau da yawa saboda mabiyiya ko mataccen ɗa ya maƙale. Zafin jikin mage daga digiri 38 ne zuwa 39.2, a dubura ake aunawa. A kai ta asibiti yau tare da 'ya'yan. Za a duba ko akwai abin da ya rage, a sa mata ruwa, a ba ta maganin da ba ya cutar da masu shan nono, irin amoksisilin ko sefaleksin. Tetirasaikilin da enrofuloksasin ba na mai shayarwa ba ne, suna ɓata haƙora da guringuntsin jarirai. Idan akwai ɗa a ciki ko ta galabaita, sai tiyata. A shafa nonuwanta ma, wanda ya yi tauri da zafi ya kamu.

Kafin ta farfaɗo, renon yana hannunki. Ɗumi ne farko, ɗan magen da jikinsa ya yi sanyi ba ya narkar da abinci: gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a gefen kwalin, musamman da hunturu. Ki nemi madarar jariran maguna a shagon kayan dabbobi, ta gwangwani da ta shanu zawo suke sa su. Da sirinji marar allura, mililita 3 zuwa 4 ga kowane giram 100 na nauyinsa, duk awa biyu zuwa uku har da dare, yana kwance a kan cikinsa, ba a rigingine ba, don kada ta shiga huhu. Bayan kowane ci ki shafa gabansa da duburarsa da auduga mai ɗumi, ba sa iya fitsari da kashi da kansu. Mai samun abin da ya ishe shi yana ƙara giram 10 ko fiye kullum.

Tambaya: Zomayena sun fito da ɓawon ƙuraje a al'aura, wasu har a hanci da leɓe, tun bayan da na aro namiji. Matan ba sa ɗaukar ciki kamar da. Zan iya zuba musu amoksisilin a ruwan sha? Daga wani matashi, Rijiyar Zaki.

Amsa: Kada ka kuskura, ƙanena. Amoksisilin, Ampiclox, linkomaisin da eritiromaisin idan suka bi ta bakin zomo suna kashe bakteriya masu amfani da ke cikin hanjinsa, masu guba su mamaye, zawo ya kashe shi cikin 'yan kwanaki.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da tunjeren zomaye, wanda wata bakteriya mai suna Treponema paraluiscuniculi ke jawowa. Ba ta kama mutum. Ta barbara take yaɗuwa, tana ɗaukar mako uku zuwa shida kafin ta fito, daga al'aura kuma zomon ke kai ta fuska wajen lasa. A bari likita ya kankari ɓawon ya duba, domin ƙazuwa ma tana kama hanci, sai dai ita tana zuwa da susa, tana kuma cin kunnuwa da yatsu, maganinta aibamektin ne. Idan tunjeren ne, maganinsa fenisilin ne mai daɗewa a jiki, amma ta allura a ƙarƙashin fata kawai: benzatin fenisilin, yunit 42,000 zuwa 84,000 ga kowane kilo, sau ɗaya a mako har sau uku. A goge duk ɗigon da ya taɓa gashi don kada ya lashe. A yi wa dukan waɗanda namijin ya hau da shi kansa namijin, ko ba su nuna komai ba, in ba haka ba za su sake shafa wa juna. A dakatar da barbara har ɓawon ya zube, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. A lokacin maganin ka yawaita musu harawa da busasshiyar ciyawa, ka rage dusa, ka riƙa duba kashinsu kullum. Wanda ya daina ci ko kashinsa ya yi ruwa, a dakatar da allurarsa a kira likita. Duk zomon da za ka aro ko ka saya nan gaba, ka juya shi ka duba ƙarƙashinsa da hancinsa, ka ware shi wata guda kafin ya shiga cikin naka.